Bututun Man Uganda: Da Bankunan Turai Suka Janye, Wa Ya Cike Gurbinsu?



Wannan takarda za ta duba aiki ɗaya tak, wato bututun ɗanyen mai na Gabashin Afirka, domin mu auna iya inda matsin lambar jama'a kan bankuna yake kaiwa. An tsara bututun ya taso daga Hoima, kusa da Tafkin Albert a Uganda, ya bi kilomita 1,443 har gaɓar teku a Tanga ta Tanzaniya. Man yankin mai kauri ne, yana daskarewa, don haka sai an riƙa ɗumama bututun duk tsawonsa. Kamfanin TotalEnergies na Faransa ke da kashi 62 cikin ɗari, CNOOC na Sin kashi 8, sauran na kamfanonin gwamnatocin ƙasashen biyu ne.

Aiki irin wannan ba ya tashi sai da rance, kuma nan masu fafutukar kare muhalli suka kama. Suka bi bankuna ɗaya bayan ɗaya, da wasiƙu, da zanga-zanga a ƙofar ofisoshinsu, da tambayoyi a taron masu hannun jari. Haƙarsu ta cim ma ruwa a wani ɓangare: fiye da manyan bankuna 20 sun bayyana cewa ba za su sa kuɗinsu ba, ciki har da BNP Paribas da Société Générale na Faransar kanta. A 2022 Majalisar Tarayyar Turai ta soki aikin. A Kampala kuwa, ɗaliban da suka fito kan titi an sha kama su.

Aikin ya yi jinkiri, tsadarsa ta ƙaru, amma bai tsaya ba. A watan Maris na 2025 aka sanar da kashin farko na rancen, daga Afreximbank da Standard Bank na Afirka ta Kudu da wasu bankunan Uganda da wani reshe na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Mu ma a nan Afirka ta Yamma mun ga irin haka: bututun da ya taso daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin, kamfanin CNPC na Sin ne ya gina shi. Ga kuma Bankin Makamashi na Afirka da aka zaɓi Abuja ta zama mazauninsa a 2024, wanda manufarsa ke nan, ya cike gurbin da Turawa suka bari.

Hujjar gwamnatocin Afirka ba ta banza ba ce. Wanda ya yi shekara ɗari yana ƙona gawayi da fetur, da wane baki zai ce wa Uganda ta bar nata a ƙasa? Sai dai wannan hujjar ba ta amsa kukan manomin Hoima. An auna gonarsa, an hana shi dasa ayaba ko kofi a cikinta, sannan ya shafe shekaru yana jiran diyya. Shi ba ruwansa da ko bankin Faris ne ya ba da rancen ko na Johannesburg.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyinmu da 'yan jarida su juyo da tambayoyinsu gida. Duk bankin Afirka da ya sa hannu a irin wannan rance, a nemi ya fito da sharuɗɗan da ya gindaya kan diyya da malalar mai, a rubuce, kowa ya gani.