Yadda Ciwon Daji Ke Farawa a Jiki

Yau zancenmu a kan ciwon daji ne, da yadda yake farawa.

Jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta aka gina shi. Ƙwaya ɗaya takan rabu biyu, biyu su zama huɗu. Da haka yaro ke girma, da haka rauni ke warkewa. Amma rabuwar tana da ƙa'ida. Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta. In kuskure ya shiga, a gyara. In ya ƙi gyaruwa, ƙwayar ta mutu. Ciwon daji na farawa ne idan kurakurai suka taru, shekara da shekaru, har ƙwaya ta daina jin umarnin tsayawa. Ta yi ta rabuwa, ta yi ta rabuwa, har ta zama ƙari, daga baya ta bi jini zuwa hanta ko huhu.

Wani zai ce jifa ne. To, a saurara. An gano abubuwan da ke ƙara kurakuran nan. Akwai hayaƙin taba. Akwai gyaɗa da masara masu funfuna. Akwai ƙwayar cutar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata rigakafinta a 2023. Wani kuma zai ce wuƙar likita ce ke yaɗa ciwon. Jama'a, jinkiri ne ke ba shi damar yaɗuwa. Ƙarin da bai bar mazauninsa ba sau da yawa ana cire shi, mutum ya warke. Don haka 'yar'uwa, in kin ji kullutu a mama, ki garzaya asibiti a duba.