Steven Rogers da Darussan Kasuwanci na Harvard

Ina neman izini in yi tsokaci a kan Steven Rogers, mutumin Chicago ta Amurka. Kafin ya kama alli, sai da ya sayi kamfanin yin murfin fitila ya tafiyar da shi. Ya koyar shekara 17 a makarantar Kellogg, sannan ya koma Harvard. A can ya lura cewa cikin labaran kamfanoni kimanin 10,000 da ake koyarwa da su, waɗanda jagororinsu baƙar fata ne ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. To, ɗalibi baƙar fata wa zai duba? Rogers ya zauna ya rubuta nasa, ya buɗe darasi a kansu a 2017. Ya yi ritaya a 2019, ya kuma ci gaba da sukar sakacin makarantar a fili.