Ɗan Haya da Kuɗin Wuta a Gabashin Sakkwato

A garuruwa irin su Giyawa, Wurno da Rabah, malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da ya kama ɗakin haya yakan tarar da kuɗin wuta da na ruwa suna cinye albashinsa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya sa tayar da janareta ya fi ƙarfin talaka. Babbar matsalar ita ce lissafin ƙiyasi, wato kuɗin da ake yanka wa gidan da ba shi da mita ba tare da an auna wutar da ya sha ba, kuma inda 'yan haya da yawa suke raba takarda ɗaya, mai fanka yakan biya daidai da mai firiji, wanda hakan rashin adalci ne. Ya kamata a daidaita rabon a gaban shaidu kafin a biya haya, sannan a nemi mita mai kati daga Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a jihar Sakkwato. Ƙaramin farantin sola da batirinsa ya fi dacewa da ɗan haya, domin yana ba shi haske da cajin waya, kuma ɗan hayar yana iya kwance shi ranar da zai tashi.