Daidaito da Karyewarsa: Labarin Filin Sikala da Filin Sifino



Maganar da na zo da ita yau a kan ƙananan ƙwayoyin nan ne da aka gina duniya da su, da dokar da ta yi musu iyaka. Ko da yake fagen na masu lissafi ne, jigon maganar bai fi ƙarfin kowa a zauren nan ba. Ga shi a dunƙule: daidaito shi ke nuna irin ƙwayoyin da za su iya samuwa, amma gwaji kaɗai ke nuna wane daidaito ne duniya ta riƙe, wane ne kuma ta karya. Kafin mu yi nisa, sai mu san kalmomi biyu, watau fili da daidaito.

A bakin masana ilmin fiziks, fili shi ne duk abin da ke da awo a kowane wuri, a kowane lokaci. Ku dubi zafin da ke cikin zauren nan. Bakin ƙofa yana da lambarsa, tsakiya tana da tata, kuma ko mutum ya fuskanci gabas ko yamma lambar ba ta sakewa. Irin wannan shi ake kira filin sikala, lamba ce kurum ba ta da fuska. Iska mai kaɗawa kuwa dabam take, domin bayan ƙarfinta tana da inda ta dosa, in ka juya sai wadda ke bugun damanka ta koma hagunka. Wannan shi ne fili mai kibiya, kuma lantarki da maganaɗisu 'yan wannan gida ne. Akwai iri na uku, filin sifino, wanda ba shi da misali a cikin abubuwan da ido ya saba gani. Za mu zo kansa.

Abin da ilmin kwantam ya ƙara shi ne, fili ba ya girgiza sai da ƙayyadadden awo, kamar yadda ba a sayar da rabin ƙwai a kasuwa. Girgiza mafi ƙanƙanta ita muke kira ƙwaya. Ƙwayar haske girgizar filin lantarki da maganaɗisu ce, ilaktaron kuma girgizar nasa filin ne. Shi ya sa ilaktaron da ke jikinka da wanda ke cikin tauraro mai nisa ba su da bambanci ko kaɗan, fili ɗaya ya haife su.

Daidaito kuwa shi ne a yi wa abu wani sauyi, a tarar da shi yadda yake. Ɗauki faifai marar ado ka juya shi yadda ka so, wanda ya shigo daga baya ba zai san an taɓa shi ba. Haka dokokin halitta suke. Gwajin da aka yi yau, in an sake shi gobe, ko a wani gari, ko an juya teburin wata fuska, dokar da ke tafiyar da shi ba ta sakewa. A 1918 Emmy Noether, wata gwanar lissafi a Jami'ar Gottingen ta Jamus, ta tabbatar da cewa kowane daidaito irin wannan yana tafe da wani abu da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Tun da yake doka ba ta damu da lokaci ba, makamashi ba ya ɓacewa. Tun da ba ta damu da wuri ba, ƙarfin tafiya ba ya ɓacewa, tun da ba ta damu da fuska ba kuma, ƙarfin juyi ba ya ɓacewa. Ashe abubuwan da aka sa mu haddace a sakandare, kowanne daban, tushensu ɗaya.

Tun a 1905 Albert Einstein ya riga ya ƙara wani daidaito a kan waɗannan. Ya nuna cewa mai zama da mai tafiya, muddin tafiyar miƙaƙƙiya ce babu ƙari babu ragi, doka ɗaya suke gani, kuma saurin haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa, ɗaya ne gare su duka. Wannan ita ce nazariyyar dangantaka. A 1939 Eugene Wigner ya bi diddigin abin da waɗannan daidaito suka yarda da shi, ya tarar alamu biyu ke rarrabe ƙwayoyi, nauyi da juyi. Juyin nan an kamanta shi da na katantanwa, sai dai ba a iya tsai da shi, kuma ba kowane awo yake karɓa ba, sai 0, ko rabi, ko 1, da haka da haka. Mai juyi 0 ɗan filin sikala ne, mai juyi 1 ɗan fili mai kibiya, mai rabin juyi kuwa ɗan filin sifino.

Ba a kai ga wannan fahimta cikin sauƙi ba. Lissafin da Erwin Schrödinger ya fitar a 1926 ya yi bayanin ƙwayar zarra ta haidirojin, amma bai jitu da dokar Einstein ba. A wannan shekara Oskar Klein da Walter Gordon suka kawo wanda ya jitu da ita, sai dai bai san da juyin ilaktaron ba, kuma wani sa'in yakan ba da yiwuwar da ta gaza sifiri, abin da hankali ba ya ɗauka. Sai a 1934 Wolfgang Pauli da Victor Weisskopf suka nuna cewa lissafin ba shi da aibi in an karanta shi a matsayin na filin sikala.

Paul Dirac, wani saurayi a Kambirij ta Ingila, shi ya buɗe ƙofar a 1928. Ya nemi lissafin da zai yi wa lokaci da wuri adalci ɗaya, sai ya ga lamba ɗaya ba ta isa ba, dole sai huɗu a haɗe a kowane wuri. Wannan haɗi shi ne sifino, abin da Élie Cartan na Faransa ya riga ya gano ta hanyar lissafi zalla tun 1913. Biyu daga cikin huɗun suka ba da juyin ilaktaron da ƙarfin maganaɗisunsa, ba tare da an cusa su da hannu ba. Sauran biyun fa? Suka nuna wata ƙwaya mai caji kishiyar na ilaktaron, wadda ba wanda ya taɓa gani. Da fari Dirac ya zaci furoton ce, amma daidaiton lissafin ya tilasta nauyinta ya zama ɗaya da na ilaktaron, alhali furoton ya fi shi nauyi wajen sau 1,836. A 1931 ya fito fili ya ce akwai sabuwar ƙwaya. Jama'a, ku lura da kasadar da ke cikin wannan magana: in babu ƙwayar, lissafin ya rushe. A 1932 Carl Anderson a Kalifoniya ya ɗauki hoton sawunta cikin tartsatsin da ke zubowa daga sararin samaniya, aka sa mata suna fositiron. Yau a manyan asibitoci na'urar PET da ita take aiki, domin in fositiron ya gamu da ilaktaron sai su kashe juna, su fitar da ƙwayoyin haske biyu masu ba juna baya, ta haka likita yake gane inda ciwon daji ya ɓuya.

To, ina abin mamakin sifino? In ka juya faifai ko kibiya sau ɗaya, digiri 360, sun koma yadda suke. Sifino kuwa in an juya shi sau ɗaya, da alamar ɗebewa yake dawowa, sai an juya shi sau biyu, digiri 720, sa'an nan ya koma asalinsa. Kowa yana iya ganin kamar wannan a gida. Ɗora ƙoƙo a tafin hannunka, ka kewaya da shi ta ƙarƙashin hammata ba tare da ka kifar da shi ba. Bayan kewaye ɗaya ƙoƙon ya dawo, amma hannunka ya murɗe. Ci gaba ta wannan fuska, ka bi da shi ta bisa kanka, sai ka ga hannun ya warware. Gani ya kori ji: a 1975 Helmut Rauch da abokan aikinsa suka raba kwararar niyutiron gida biyu a Girinobul ta Faransa, suka juya rabi da maganaɗisu, suka sake haɗa su, suka tarar lalle sai da juyi biyu.

Kada ku ɗauki wannan alamar ɗebewa abin wasa. A 1940 Pauli ya tabbatar da cewa, in aka haɗa kwantam da dangantaka, 'ya'yan filin sifino biyu ba sa zama cikin hali ɗaya, yadda ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma 'ya'yan sikala da na mai kibiya suna iya cunkusuwa ba iyaka. Saboda haka ne ilaktaron suke jeruwa hawa hawa a cikin ƙwayar zarra, daga wannan jeri kuma aka sami bambancin ƙarfe da gishiri da ruwa. Ƙarfin kujerun da kuke zaune a kai ma yana da nasaba da wannan doka.

Ganin irin wannan nasara, sai masana suka sakankance cewa kowane daidaito mai kyaun gani dole ne duniya ta bi shi. Mafi ƙarfin zatonsu shi ne na madubi, watau dokokin halitta ba su san dama da hagu ba. A 1929 Hermann Weyl ya nuna cewa sifinon Dirac yana rabuwa biyu, na hagu da na dama, kowanne da lissafinsa, amma aka yi watsi da maganar don ta saɓa wa madubi. Sai a 1956 Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka bincika, suka ga ba wanda ya taɓa gwada wannan zato a kan ƙarfi mai rauni, wanda ke sa cibiyar wasu ƙwayoyin zarra ta fitar da ilaktaron. Chien-Shiung Wu ta ɗauki aikin. A Washinton aka sanyaya ƙarfen kobal-60 har kusa da iyakar sanyi, aka jera cibiyoyinsa da maganaɗisu, sai ga ilaktaron sun fi fita ta fuska ɗaya. A farkon 1957 zato ya faɗi, ƙarfi mai rauni da sifinon hagu yake hulɗa. Lee da Yang suka sami kyautar Nobel a wannan shekara, Wu kuwa ba a sa ta ciki ba.

Daga nan wata matsala ta ɓullo. A lissafin Dirac nauyi shi ne gadar da ke haɗa sifinon hagu da na dama, to ga shi ƙarfi mai rauni ya bambanta su, daidaitonsa kuma ya hana a gina gadar. Har wa yau wannan daidaito ya ce ƙwayoyin da ke ɗauke da ƙarfin kada su yi nauyi. Alhali kuwa ilaktaron yana da nauyi. A nan filin sikala ya yi rana. A 1964 François Englert da Robert Brout a Beljiyam, da Peter Higgs a Edinbara, da wasu masana uku a Landan, suka nuna cewa doka tana iya zama da daidaito amma halin da duniya ta zauna a kai ya ɓoye shi. Ku tsai da taɓarya a tsakar gida. Babu fuskar da doka ta fifita, amma taɓarya ba ta daɗe a tsaye, dole ta faɗi wata fuska. Haka wani fili ya bar sifiri ya zauna a kan wani awo a ko'ina cikin sarari, ƙwayoyin da ke hulɗa da shi kuma suka sami nauyi. Don me sai sikala? Domin da fili mai kibiya ne ya cika sarari, da sarari ya sami gaba da baya, daidaiton juyi da na Einstein sun rushe. Wanda ba shi da fuska shi kaɗai ke iya cika ko'ina ba tare da ya nuna ko'ina ba.

Steven Weinberg a 1967 da Abdus Salam na Pakistan a 1968 suka ɗora wannan dabara a kan aikin Sheldon Glashow, suka haɗa ƙarfi mai rauni da na lantarki, su ukun suka raba kyautar Nobel ta 1979. A 1983 aka ga ƙwayoyin W da Z a cibiyar CERN kusa da Janeba, kowacce ta fi furoton nauyi sama da sau 80. Ƙwayar filin sikalan kanta kuwa sai da aka jira shekara 48. Ran 4 ga Yuli 2012 aka ba da sanarwar ganinta a na'urar nan mai kewayen kilomita 27, nauyinta wajen sau 133 na furoton. A cikin ƙwayoyin asali da aka sani, ita kaɗai ce mai juyi 0. Sai dai a kiyaye, ba dukan nauyi ne daga gare ta ba, domin mafi yawan nauyin furoton daga makamashin abubuwan da ke ɗaure a cikinsa yake.

Saura tambaya ɗaya wadda ta shafi kowa a nan. Lissafin Dirac ya ba kowace ƙwaya kishiya, in sun gamu kuma su kashe juna. Da a ce a farkon duniya an yi su daidai wa daida, da babu taurari, babu ƙasa, babu mu, sai haske kurum. A 1964 James Cronin da Val Fitch suka ga ɗan bambanci tsakanin ƙwaya da kishiyarta a gwajin da suka yi a Amurka, a 1967 kuma Andrei Sakharov na Tarayyar Sobiyet ya nuna cewa irin wannan bambanci sharaɗi ne na wanzuwar abin da ya wanzu. Amma bambancin da aka auna ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa ya yi bayanin yawan abin da muke gani ba. Wannan aiki yana nan yana jiran masu yi.

'Yan'uwa, Dirac ya amince da daidaito ya dace, masu madubi suka amince da shi suka yi kuskure, kuma su duka masana ne na ƙwarai. Abin da ya raba gardama shi ne an gwada. Waɗanda za su zauna a ofis gobe su tuna da wannan sa'ad da aka kawo musu takardar neman kuɗin binciken da ba a ga amfaninsa a fili ba, domin a 1928 ba wanda ya hango asibiti a cikin lambobin nan huɗu. Waɗanda za su ci gaba da karatun kuma su riƙe lissafi da hannu biyu, amma kada su kauce wa ɗakin gwaji.