Rijiyar da ba a shan ruwanta: lacca kan awon ruwa inda mai ya malala

Akwai rijiyar da ake ginawa ba don mutum ya sha ba, ba kuma don a shayar da bisashe ba. Aikinta ba da shaida. Ana gina ta inda mai ya tsiyaye cikin ƙasa, ko daga tiyo, ko daga tankin da ke binne a tashar isansi, domin ta faɗi abin da ido ba ya gani.

Labarin Nsisioken Ogale, a ƙasar Ogoni ta kudancin Najeriya, ya isa misali. Cikin watan Agusta na 2011, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a kan wannan yanki, bayan ta duba wurare fiye da 200, ta kuma gina rijiyoyin awo 142. A Ogale ta tarar da tataccen mai, kaurinsa santimetir 8, kwance bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan da ke cika rijiyoyin gari. Sinadarin benzen, mai haddasa sankarar jini, ya ninka iyakar da hukumar lafiya ta duniya ta gitta sama da sau 900, iyakar kuwa mikrogaram 10 ce cikin lita guda. Rahoton ya danganta gurɓatar da malalar da ta auku fiye da shekara shida kafin nan. Shekara shida ke nan ana ɗiba, ana dahuwa, ana ba jarirai.

To, yaya ake sa rijiya ta faɗi gaskiya? Da farko, guda ɗaya ba ta isa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya sannu a hankali, kuma sai an auna tsawonsa a rijiya uku aƙalla kafin a san inda ya dosa. Ana gina ɗaya a sashen da ruwan ke fitowa, inda mai bai kai ba, don ta zama ma'auni. Sauran a jera su ta wajen da ya nufa, tsakanin wurin malala da gidajen mutane. Tun da mai ya fi ruwa rashin nauyi, dole ɓangaren tiyon da ke da ƙananan ƙofofi ya ratsa fuskar ruwan, rabi sama, rabi ƙasa. In ya nutse duka, mai zai wuce ta bisansa, rijiya ta ce lafiya lau alhali ba lafiya.

Ranar ɗiba, kafin a taɓa kome, sai a zura na'ura a auna zurfin ruwa da kaurin man da ke kansa. Sa'an nan a fitar da ruwan da ya kwana cikin tiyo, domin ya sha iska, ba shi ne ruwan ƙasa na ainihi ba. Wasu na kwashe ninki uku na abin da rijiyar ke ɗauke da shi, wasu na ja da ƙaramin famfo a hankali har zafin ruwan da tsaminsa su tsaya wuri guda. Ana farawa da rijiyar da ta fi tsabta, a ƙare da wadda ta fi ƙazanta, a wanke kayan aiki tsakani.

A wajen kwalba ne sakaci ya fi ɓarna. Benzen ba ya zama, iska yake bi. Saboda haka ake cika ƴar kwalba mai mililita 40 maƙil, a rufe, a kifa ta a duba. In an ga kumfa ko da ɗigo ne, a sake. A sa mata ɗan asid, a ajiye cikin ƙanƙara wajen digiri 4, a kai ɗakin bincike a auna kafin kwana 14. Kwalbar da ta wuni cikin rana a bayan mota za ta wanke mai laifi tas, ba tare da an ba kowa cin hanci ba. Don haka ake haɗawa da kwalbar ruwa mai tsabta da ke rakiyar sauran ba a buɗe ta ba, da takardar da duk wanda kwalaben suka bi ta hannunsa zai sa wa hannu.

Awo ɗaya kuma ba hukunci ba ne. Da damina ruwa na hawa, da rani ya sauka, man ya shafe ƙasar da ke tsakani, ya ɓuya yau, ya fito gobe. Sai an maimaita awon rani da damina, shekara bisa shekara, kafin a ce gurɓata na ja da baya.

Sauran magana ta hukuma ce. Sakamakon da ya tsaya cikin aljihun tebur, tsakanin kamfani da ma'aikata, bai tsare kowa ba. Mai haƙƙin fara jinsa shi ne mai shan ruwan. A Ogoni rahoton ya nemi a kai wa jama'a ruwan sha nan take, a sa alama a kan rijiyoyin da suka lalace, a riƙa bin lafiyar waɗanda suka sha. Ya ƙiyasta gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30, da asusun farko na dala miliyar guda. Sai cikin watan Yuni na 2016, kusan shekara biyar bayan rahoton, gwamnatin Najeriya ta yi bikin ƙaddamar da aikin.