Amsoshin Takardunku: Wace Makarantar Kareti Zan Kai Ɗana?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Kano, wadda ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta. Ta ce ɗanta shekararsa 8, shiru-shiru ne, kusan kullum sai ya dawo daga makaranta da kuka, ko an ƙwace masa kuɗin tara ko an yaga masa riga. Yaron ya ga finafinan Bruce Lee, ya matsa lallai sai an sa shi a kareti. Maigidanta kuwa ya ce a'a, gudun kada a mayar masa da ɗa ɗan daba. Tana so ta san wanne ya fi tsakanin kareti da judo da taikwando, kuma yaya za ta gane makarantar kirki.

To Malama, mun gode da takardarki. Bari mu fara da bambancin wasannin a taƙaice. Judo dai wani malami ne a Japan mai suna Jigoro Kano ya kafa shi a 1882. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na garinku, ba Bakano ba ne. A wasan judo babu naushi babu shuri, kamawa ne da kayarwa, watau shi ya fi kusa da kokawarmu ta gargajiya. Kareti ya fito ne daga tsibirin Okinawa, shi naushi ne da shuri da karewa. Taikwando na Koriya ne, ƙafa ce ta fi yin aiki a cikinsa, kuma a wannan wasa ne Abdurrazak Alfaga ya samo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016.

Ga yaro mai kunya kamar naki, akwai abin lura. A judo tun ranar farko sai ya riƙe rigar wani, wani ya riƙe tasa. Wani yaron wannan ne ke cire masa tsoro, wani kuwa shi ke korarsa. A kareti da taikwando ana daɗewa yaro yana koyon tsayuwa da motsi a cikin sahu kafin a haɗa shi da abokin karawa, saboda haka mai jin tsoro yakan sami lokacin sabawa. Ke kika san ɗanki, ba mu ba.

Amma gaskiyar magana, Malama, a wannan shekaru sunan wasan bai kai malamin muhimmanci ba. Kada ki biya ko sisi sai kin je kin zauna kin ga yadda ake koyarwa, sau biyu ko uku, kuma ba tare da an san ranar zuwanki ba. Malamin da ya ce iyaye ba sa shiga, ki kama hannun ɗanki ku yi gaba. Haka nan wanda ke son keɓewa da yaro shi kaɗai bayan an tashi.

In kin zauna, ki fara duban ƙasa. A kan me yaran suke faɗuwa? Katifa ce, ko rairayi, ko kuwa daɓen siminti? Sa'an nan ki dubi abin da ake koya wa sababbi. A judo na ƙwarai, darasin farko shi ne yadda za ka faɗi ba tare da kanka ya bugi ƙasa ba: ka manne haɓa a ƙirji, ka daki katifa da hannu. Ana maimaita wannan makonni kafin a yarda wani ya kā da yaro. Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. A Japan ɗin kanta, inda wasan ya samo asali, ɗalibai fiye da 100 suka rasu a wasan judo na makarantu cikin shekara kusan 30 daga 1983, yawancinsu saboda buguwa a kai, kuma da dama daga cikinsu sababbin shiga ne. A 2022 ma hukumar judo ta ƙasar ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, don ta ga manya sun ɗora wa yara neman nasara fiye da kima. Idan masu abin sun ja da baya haka, ba dalilin da wani malami a unguwarku zai haɗa ɗan shekara 8 da ɗan shekara 14 ya ce wai ƙarfafa masa zuciya yake yi.

Duka a kai ga yaro ƙarami, ko da hular kariya, a guje shi. Shaƙe wuya da murɗe gaɓa su ma ba na yara ba ne. Ki kuma lura da abin da malamin yake yi in yaro ya yi kuskure. Gyara masa yake yi, ko zagi da bulala? Ɗanki ya riga ya sha wannan a hannun 'yan uwansa yara, ba sai kin biya kuɗi babba ya ƙara masa ba.

Sai batun ɗamara. Za ki ji wasu suna alkawarin baƙar ɗamara cikin shekara ɗaya, kowane hawa da kuɗin jarrabawarsa. Ki tambayi kuɗin wata, da na riga, da na jarrabawa, duka tun farko. A taikwando, babbar cibiyar wasan da ke Koriya ba ta ba wanda bai kai shekara 15 ba cikakken matsayin baƙar ɗamara, akwai matakin yara dabam mai ja da baƙi. Ki tambayi malamin wa ya koya masa, kuma ko yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiharku. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Abu guda da ba ki faɗa mana ba shi ne lafiyar yaron. Idan yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, a ga likita tukuna, kuma a sanar da malamin. A wurinmu da zafi, ki tabbata ana barin yara su sha ruwa su huta, ba a tsakar rana ake yi ba.

Amma fa kada ki sa rai kareti zai raba shi da masu ƙwace masa kuɗi cikin wata guda. Wannan maganar hedimasta ce, kuma gobe ya kamata a kai masa ita, ba sai yaron ya iya shuri ba.

Game da maigida kuwa, tsoronsa ba na banza ba ne, domin akwai wuraren da zaƙewa kaɗai ake koya wa yara. Ki roƙe shi ku tafi tare ranar da za ki je kallo. Ya tambayi malamin da bakinsa me yake yi wa ɗalibin da aka kawo ƙararsa ya doki wani a waje. Bayan haka ku bar yaron ya gwada wata ɗaya, ku ga ko shi ne yake tuna muku ranar zuwa, ko ku ne kuke jansa.