Hunturu Da Hikimar Rage Kaya A Cikin Hoto



Hausawa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wannan karin magana shi ne ginshiƙin jawabinmu na yau, domin kuwa akwai wani salo na ɗaukar hoto wanda ƙa'idarsa ita ce a rage kaya, a bar abu ɗaya ko biyu tak a cikin fili mai faɗi. Birni ba ya yarda da haka cikin sauƙi, saboda allunan talla da wayoyin lantarki da cincirindon jama'a. Amma idan hunturu ya kama, sai ya share wa mai kyamara fage.

A ƙasashen sanyi, dusar ƙanƙara ce ke yin wannan aiki. A shekarar 1893 Alfred Stieglitz ya tsaya awa 3 a titin Fifth Avenue na birnin New York, ƙanƙara tana zuba, yana jiran keken doki ya iso daidai inda yake so. Da ya wanke hoton kuma, sai ya datse gefunansa. Haka nan André Kertész, mutumin Hungary, ya tare a hawa na 12 na wani bene a birnin a 1952. Daga tagarsa ya ɗauki dandalin Washington Square a 1954: farin fili, baƙaƙen itatuwa marasa ganye, da sawun masu wucewa. Ba su ƙara wa birnin kome ba, sun dai jira har sanyi ya ɓoye abin da ba su bukata.

To, mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da hazo. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan lulluɓe Kano da Katsina da Zariya, musamman a Disamba da Janairu, har nesa ta ɓace. A irin wannan safiya Dutsen Dala yakan zama inuwa kurum, hasumiyar Gobarau kuma ta tsaya ita kaɗai a sararin da ya yi fari. Mai keke ɗaya a gindin ganuwa ya isa hoto.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, ma'aunin hasken kyamara, har da ta waya, yakan ɗauki kowane fili a matsayin ruwan toka. Saboda haka farin hazo zai fito da duhu, in ba a ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu ba. Na biyu, kada a buɗe kyamara a fili, domin ƙura ba ta da wuyar shiga.

'Yan'uwa, galibin hotunanmu na biki ne da na taro, kowa na turereniya ya fito. Alhali ganuwar biranenmu tana zubewa damina bayan damina, ana gina shaguna a gurbinta. In ba mu ɗauke ta yanzu ba, me za mu nuna wa na baya? Hunturu mai zuwa, mu yi sammako, mu zaɓi abu ɗaya, mu yi haƙurin jira.